Yadda Aron Injin Barci Ya Kusa Raba Ni da Mijina

Ina yi wa Edita da masu karatu sallama irin ta addinin Musulunci. Ni mace ce da ta haura shekara hamsin, haifaffiyar unguwar Kilomita Biyar a nan Bangui. Kakanninmu daga Damagaram fatauci ya kawo su, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, a nan na yi aure na haifi nawa. Lokacin da wannan abu ya faru ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake sayar da kwanuka da tukwane da robobi, kuma idan akwai abin da aka san ni da shi a layinmu, to tsafta ce. Matan unguwa har tsokanata suke yi, wai a tsakar gidana ana iya zuba abinci a ƙasa a ci. Ni kuwa ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda nake nunawa. Ba zan kama sunan kowa ba a cikin wannan labari, domin duk waɗanda ke cikinsa suna raye, kuma dukkansu ina ƙaunarsu.

Maigidana, wanda zan riƙa kira Alhaji kamar yadda nake kiransa a gida, tsohon direban babbar mota ne. Ƙuruciyarsa duk a kan hanyar Bangui zuwa Duwala ta ƙare. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, kuma mai minshari. Tun ina amarya na san minsharin nan, maƙwabta ma sun san shi, suna cewa ba sai an gaya musu Alhaji ya dawo daga tafiya ba, katanga ce ke sanar da su. Da shekaru suka ja sai abin ya daina ba ni dariya. Sai ya ja ya ja, can kuma ka ji shiru, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, har sai ya zabura kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da rana kuma barci ke sace shi ko'ina: a kan abinci, a tsakiyar hira, a masallaci ana huɗuba. Ranar da barcin ya sace shi a kan sitiyari, da mota cike da kaya, mutumin da ke zaune a gefensa ne ya fizgo kan motar ya dawo da ita kan kwalta. Daga wannan tafiya Alhaji ya ajiye tuƙi.

Mutumin nan shi ne amininsa, abokin tafiyarsa tun suna samari, tare suke karɓa-karɓar tuƙi. Musulmi ne ɗan asalin ƙasar nan, Sango ne harshensa, Hausarsa kuma ta tasha ce, wadda ya tsinta a bakin direbobi. A unguwar Kokoro yake zaune, shi ya sa yaranmu tun suna ƙanana suke ce masa Baban Kokoro, ni ma haka nake kiransa. Siriri ne dogo, Alhaji kuma gajere mai kauri, idan suka jero a hanya sai ka ga mutane suna murmushi. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa mata sun yi aure a nesa, saura ƙanwarsa guda da ke kula da shi. Kusan kullum bayan Azahar sai ya tako zuwa gidanmu, na zuba musu gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen rogo a kwano ɗaya, su ci suna musu a kan wanda ya fi wani iya hawan tudu da mota mai nauyi. Musun nan ba a taɓa gama shi ba.

Babban ɗanmu yana aiki a Duwala, shi ne ya matsa sai da mahaifinsa ya je can aka duba shi. Aka kwantar da shi a asibiti aka jona masa wayoyi ya yi barci, likita ya ce maƙogwaronsa ne ke rufewa idan barci ya yi nauyi, kuma hakan na wahalar da zuciya. Alhaji ya dawo da wani ɗan inji a cikin jaka, bai kai girman rediyo ba. Yana da dogon tiyo, da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci, da ɗan tanki da ake zuba wa ruwa don kada iskar ta busar da maƙogwaro. Da yake wutar gari ba ta da tabbas, ɗanmu ya aiko aka kafa mana sola da batir. Na tambayi Alhaji abin da likita ya ce game da kula da injin, sai ya ce ai ba wani abu mai wuya ba ne, a zuba ruwa a danna nan. Daga baya na gane an yi masa dogon bayani da Faransanci, shi kuma barci ya ɗauke shi tun bayanin bai yi nisa ba.

Ranar farko da na gan shi da tiyon nan a fuska sai da na fita tsakar gida na yi dariyata mai isata, domin sak giwa ya koma. Amma ba a daɗe ba na fara yi wa injin nan addu'a kamar mutum. Mijina ya dawo. Idonsa ya washe, ciwon kan safe ya tafi, ya riƙa raka ni shago yana taya ni jera kaya yana jan kwastomomi da zolaya. Har waƙa na ji yana yi a banɗaki, abin da rabona da ji tun yaranmu suna goye. Saboda haka na ɗauki injin nan kamar ɗan gwal. Na ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Kowace safiya sai na goge bayansa har ya yi ƙyalli, na naɗe tiyon na sa a leda na ƙulle, na sa takunkumin a wata ledar na ƙulle, don kada jar ƙurar titi ko kyankyaso su shiga. Ruwan tanki kuwa, idan ya ragu sai na ɗebo na randa, wanda muke samu daga rijiyar gida, na cika. Ban taɓa zubar da na jiya ba, ƙari kawai nake yi. Ban kuma taɓa leƙa cikin tiyon ba. A tunanina iska ce kawai ke bi ta ciki, me iska za ta ɓata?

To shi Alhaji Allah ya yi shi ba ya iya jin daɗin abu shi kaɗai. Ko goro ɗaya ya samu sai ya ɓare ya nemi wanda zai ba rabi. Shi ma Baban Kokoro, duk da rashin jikinsa, yana da irin wannan matsala ta barci. Suna gama cin abinci zai jingina da bango ya fara gyangyaɗi, ya yi minshari ya shiɗe ya zabura. Wata rana ina wanke-wanke sai na ji Alhaji yana lallashinsa da Sango, wai ya zo ya ɗanɗana barcin masu kuɗi. Baban Kokoro ya ƙi, ya ce shi ba zai sa hancin giwa ba. Suka yi ta ja-in-ja har dai Alhaji ya yi nasara. Ya shimfiɗa masa tabarma a falo, ya ɗaura masa takunkumin da hannunsa, ya danna, sannan ya zauna a gefe yana gadinsa yana yi mini alama da yatsa kada na yi motsi da kwano.

Sai da aka kira La'asar Baban Kokoro ya farka. Ya zauna yana kallon hannuwansa, sannan ya ce da 'yar Hausarsa: "Hajiya, na yi mafarki. Na ga matata tana shanya." Ya ce ya manta rabon da ya yi barcin da har zai kai shi ga mafarki. Hawaye na bin fuskarsa yana dariya, Alhaji ma idonsa ya cika. Ni kaina sai da na juya baya na share nawa. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida: dare na Alhaji, ƙailula ta Baban Kokoro. Idan ya tashi sai na sa gefen zani mai tsabta na goge takunkumin, wani lokaci na ɗan shafa masa turare don ya yi ƙamshi, na mayar cikin leda.

Ba zan ce zuciyata ba ta taɓa raya mini komai ba. Baban Kokoro yana da wani tari da ya daɗe yana yi, busasshe, yana kuma ƙara ramewa, shi kuwa yana cewa hayaƙin gas ne na shekarun tuƙi yake fita. Wani lokaci idan na ga yana tari a cikin takunkumin sai na ji wani iri, na tuna ko asuwaki ba a aro. Sau ɗaya na gwada yi wa Alhaji maganar, a kaikaice, na ce ko za mu tambayi ɗanmu na Duwala a waya idan ana haɗa injin da wani. Alhaji ya dube ni da mamaki, ba da fushi ba, ya ce mutumin da suka sha ruwa a gora ɗaya, suka rufa da bargo ɗaya a ƙarƙashin mota, wanda ba don shi ba da yanzu takabata ta daɗe da ƙarewa, shi ne yau za a ce numfashinsa ƙazanta ne? Kunya ta kama ni, na ce Allah ya ba shi haƙuri, ban sake tayar da zancen ba.

Da damina ta kankama, irin daminar Bangui da ko tufafin cikin akwati sai sun yi warin sanyi, Alhaji ya fara tari. Sai zazzaɓi ya biyo baya. Muka ce palu ne, wato zazzaɓin sauro, kamar yadda kowa ke cewa a nan idan jiki ya yi zafi, muka sayo magani a kanti ya sha. Zazzaɓin ya sauka ya sake hawa. Tarin ya koma mai kaki, numfashinsa ya riƙa yi masa nauyi. Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne, da ya ji numfashi na yi masa wuya sai ya ƙara manne wa injin, har da safe yana kwance da shi, wai shi ne zai taimake shi. Ni kuma ina ta cika masa tanki da ruwan randa, ina gode wa Allah da muke da shi.

Wata safiya na kawo masa kunu, ya miƙa hannu zai karɓa sai kofin ya suɓuce. Na ga leɓensa ya yi duhu, yana magana amma maganar ba ta haɗuwa. Na fita ba ko mayafi ina kiran maƙwabta. Allah ya sa Baban Kokoro ya yi sammakon zuwa gaishe shi, a ƙofar gida muka yi karo. Ruwa ya ɓata layinmu, mota ba ta iya shigowa, sai aka tare mai taksi-moto. Maza suka ɗora Alhaji a bayan mai babur, Baban Kokoro ya hau bayansa ya rungume shi da siraran hannuwan nan nasa, yana tari yana kiran sunan Allah a kunnensa. Ni na bi su a wani babur, ina kallon kan mijina na lilo a kafaɗar amininsa har muka fita babban titi.

A asibiti aka sa masa iskar oksijin, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitar mace ce, ba ta kai ɗana shekaru ba, mai sanyin magana. Ta ce ciwon huhu ne mai tsanani, ya kama ɓangare biyu, kuma da mun ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ta yi ta tambayoyi, har muka zo kan injin barci, sai ta ce a je a kawo mata shi yadda yake, kada a taɓa komai. Na koma gida na ɗauko shi da rigarsa ta atamfa, har ina ɗan jin alfahari a raina cewa za ta ga yadda nake kula da shi. Ta kwance ledar tiyon, wani wari ya taso wanda ni ban taɓa lura da shi ba saboda turare. Ta ɗaga tiyon ta saita shi da hasken taga, ta ce: "Mama, zo ki duba."

Na duba. Cikin tiyon duk ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna ne, tun daga wannan baki har wancan, da raɓar ruwa kwance a lungunansa. Ta ciro tankin ta shafa yatsa a gindinsa, sai ga wani yauƙi ja-ja. Ta buɗe wata 'yar ƙofa a bayan injin da ban ma san da ita ba, ta zaro ɗan soson da ke tace iska, ya yi baƙi ƙirin. Na zauna a kan benci. Abin da nake hura wa mijina a huhu ke nan kowace rana da hannuna. Likitar ta zauna kusa da ni ta ce kada na kashe kaina da zargi, ba a koya mini ba ne. Ta bayyana mini cewa ruwa mai ɗumi da ya kwana a rufe, da tiyo mai laima da aka ƙulle a leda, su ne gidan da ƙwayoyin cuta suka fi so, kuma injin ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar a hanya sai ya tura shi cikin ƙirji.

Sai ta tambaya ko akwai wani da ke amfani da shi ban da Alhaji. Baban Kokoro na tsaye a bakin ƙofa, shi ya amsa da kansa da Sango, ya ce shi ne, kullum da rana. Yana rufe baki tari ya sarƙe shi. Likitar ta saurari tarin nan har ya lafa, ta tambaye shi tun yaushe, ko yana gumi idan ya kwanta, ko ya rame. A ranar ta tura shi gwajin kaki. Sakamako ya nuna tarin fuka ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Aka gwada Alhaji, aka gwada ni da duk wanda ke gidanmu. Cikin ikon Allah ba a same shi a jikin kowa ba, sai dai an ce za a ci gaba da bibiyar Alhaji na wani lokaci. Likitar ta faɗa mana gaskiya cewa ba za ta iya rantsuwa a kan takamaiman inda ciwon Alhaji ya fito ba, amma dattin tankin da tiyon ya isa ya kwantar da mutum, haɗa takunkumi da mai tari kuma ganganci ne da Allah kaɗai ya tsare. Ta ƙara da cewa ƙarfin iskar ma an auna shi ne daidai maƙogwaron mutum ɗaya.

Ɗanmu ya iso daga Duwala hankali a tashe. Ya ga mahaifinsa kwance da robar iska a hanci, Alhajin bai ko gane shi sosai ba, sannan ya ji labarin aron inji. A barandar asibiti ya tarar da Baban Kokoro zaune can nesa da mutane, da ƙyalle a bakinsa kamar yadda aka umarce shi. Yaron nan da Baban Kokoro ya goya a wuya, ya koya wa hawan keke, shi ne ya tsaya a kansa ya ɗaga murya. Ba zan maimaita duk abin da ya faɗa ba. Na dai ji ya ce: "Da ka san kana da ciwo, me ya kai ka sa bakinka a abin da ke riƙe da ran mahaifina?" Baban Kokoro ya sunkuyar da kai. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi ta ƙofar baya ya tafi.

Alhaji ya yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, sannan Allah ya sa magani ya fara kama shi. Kalmar farko da ya yi mai ma'ana, bayan salati, tambaya ce: ina mutumin? Muka ce masa yana gida yana shan magani, an ce ya keɓe kansa tukuna, wanda kuma gaskiya ne. Aka sallame mu, ɗanmu ya kawo sabon tiyo da takunkumi da tanki da soson tace iska, likitar ta sa aka duba injin kansa, ta kuma tsaya ta koya mini wankinsu da hannunta. Jikin Alhaji ya riƙa dawowa, amma shi bai dawo ba. Bayan Azahar sai ya sa a fitar masa da kujera ya fuskanci ƙofar gida. Idan na kawo abinci ya ɗan taɓa ya ture, ya ce ba ya jin ɗanɗano. Makonni suka wuce, har likita ta ce Baban Kokoro ya wuce matakin da zai harbi wani in dai yana shan maganinsa, amma ko saƙo bai aiko ba. Idan Alhaji ya kira wayarsa sai ta yi ta ringi ba a ɗauka.

Rannan na rufe shago da wuri, na zuba abinci a kula na nufi Kokoro. Ƙanwarsa ta yi mini iso. Na same shi zaune a gindin mangwaro, ya ɗan yi kumari amma fuskarsa ta tsufa. Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi ya shige ɗaki, na ce masa don girman Allah ya zauna. Na gaya masa duk abin da likita ta ce, na ce ruwan da ya ruɓe a tankin nan ni na zuba shi, ledar ni na ƙulle ta, kuma ba ciwonsa aka samu a ƙirjin Alhaji ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Hajiya, yaron ya yi gaskiya. Na ji daɗin barci, na manta da ɗan'uwana. Da wane ido zan kalle shi?" Na ce da idon da ya kalle shi ranar da ya rungumo shi a kan babur. Ya girgiza kai kawai. Ya karɓi abincin ya yi godiya, amma bai ce zai zo ba.

Da na dawo na kasa ɓoyewa, na zayyana wa Alhaji komai, har da abin da ya faru a barandar asibiti, wanda muka daɗe muna rufe masa. Ɗanmu yana nan bai koma ba, yana zaune yana ji. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce a miƙo masa sandarsa da hularsa. Muka ce jikinsa bai yi ƙwari ba, a bari a nemo mota. Ya dubi ɗansa ya ce: "Da ƙafa za mu, kuma kai za ka riƙe ni." Haka suka fita, ni ina biye da su da kujerar roba a hannu, duk inda numfashi ya gaza masa sai na ajiye ya zauna ya huta. Masu shaguna suna ta yi masa barka da tashi, yana ɗaga musu sanda. Tafiyar da yaro ke yi kafin shayi ya huce, mu sai da rana ta karkata muka isa.

Baban Kokoro yana gindin mangwaron nan. Da ya ga wanda ya shigo sai ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Alhaji ya sa na ajiye masa kujera a inuwa, ya zauna yana haki, sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya ce da Sango, da ƙarfi yadda duk gidan za su ji, wai shi ya zo ne ya ji ko gaskiya ne an ce wani tsoho yana yawo yana cewa ya fi shi iya hawan tudu da mota. Can daga bayan hannuwan nan muka ji murya na rawa tana cewa ai ko a lahira aka tambaya shi ya fi. Alhaji ya ce ƙarya yake yi. Sai ga su suna kuka suna musu, ƙanwarsa na kuka, ni ina kuka. Ɗanmu ya cire takalmi ya je ya durƙusa a gabansa ya ce: "Baba, ka yafe mini, tsoro ne ya sa ni." Baban Kokoro ya dafa kansa ya ce ɗan da bai ji tsoro a kan ubansa ba ai ba ɗa ba ne, ya tashi kada ya ɓata wandonsa.

Baban Kokoro ya sha maganinsa na watanni har ya kammala, aka gwada aka ce ya warke. Likitar ta ce da ba don wannan abu ya faru ba, da mai yiwuwa tarin nan sai ya ci ƙarfinsa kafin a gano. Har yanzu bai samu injin kansa ba. Ɗanmu na ƙoƙarin ganin an kai shi an auna shi, muna fata Allah ya nufa. Kafin nan an ba shi shawarar ya riƙa kwanciya a gefe. Ya dawo cin abincin rana a gidanmu, kuma idan ya miƙe a tabarma don ƙailula, Alhaji ba ya kwanciya. Yana zama kusa da shi da carbi a hannu, da ya ji ya mirgina rigingine numfashi ya tsaya, sai ya sa sanda ya zungure shi a hankali ya ce ya koma layinsa, kamar direban da ya kauce hanya.

Ni kuwa safiyata ta canza. Ina idar da sallah nake zubar da ruwan tanki, na wanke shi da sabulu marar ƙamshi tare da takunkumin, na kife su a inuwa su bushe. Tiyon ina wanke shi duk mako, na rataye shi a ƙofa baki biyu na kallon ƙasa har sai ya tsane sarai, ba ya kuma sake ganin leda. Ruwan da nake zubawa sai tataccen da likita ta nuna mana, in babu shi na tafasa na bari ya huce. Ba turare, ba man shafawa, ba ruwan jabel, wato bilic. Soson bayan nan kuma ina duba shi, da ya fara sauya launi a canza.

Na rubuto ne saboda na san irin waɗannan injuna sun fara shigowa gidajenmu, 'ya'ya na aiko wa iyaye daga waje, kuma sau da yawa mai wankewa ba ita ce aka yi wa bayani ba. 'Yan'uwana mata, ku tambaya, ku sake tambaya, ku ce a nuna muku da hannu. Ku ɗaga tiyon ku kalli cikinsa a haske. Idan mai amfani da shi ya fara tari ko zazzaɓi, ku tafi asibiti ku tafi da injin. Tarin da ya daɗe kuma kada a ce hayaƙi ne ko sanyi, a je a gwada. Abin da ya fi mini ciwo har yau shi ne ranar da na ga abin da bai kwanta mini ba na yi shiru don kada a ce na ƙyamaci baƙo, alhali da na dage, da na kare su duka biyun. Mu mutane ne masu son rabawa, kuma ina roƙon Allah kada ya cire mana wannan hali. Ku raba abinci, ku raba ɗaki, ku raba duk abin da hannu ya mallaka. Amma abin da mutum ke numfashi da shi nasa ne shi kaɗai, ko da mai roƙon aron ya fi ɗan'uwa kusa, kuma hana shi a nan shi ne ƙaunar.